Tambayar Na Gaba Umarni Ce: Tarihin 'Yancin Yin Shiru a Shari'ar Sojan Amurka

Soja mutum ne da aka horar a kan amsawa. Tun ranar da ya shiga bariki yana kurtu ake cusa masa cewa idan na gaba da shi ya yi magana, babu musu kuma babu jinkiri. In an ce tsaya, ya tsaya. In an tambaye shi, ya ba da amsa nan take. Da irin wannan horo ake cin yaƙi. To, amma ranar da aka zargi sojan nan da laifi, aka kira shi ofis, hafsan da ya saba ƙame wa ya dube shi ya ce masa ina kake daren jiya, a ranar horon nan ke juyowa kansa. Farar hula yana iya cewa ba zai buɗe baki ba sai lauyansa ya zo. Shi kuwa soja, a kunnensa tambayar na gaba ba ta da bambanci da umarni, ƙin bin umarni kuma laifi ne mai zaman kansa a dokar soja. Gaba kura, baya sayaki ke nan: in ya yi magana ya ɗaure kansa, in ya yi shiru ya saɓa wa horo.

Amurka ta shafe fiye da shekara 170 kafin ta rubuta wa wannan matsala magani a cikin doka, kuma ba cikin ruwan sanyi ta kai gare shi ba. Sai da aka rataye mutane, aka ɗaure wasu, sannan majalisa ta yarda cewa biyayyar soja ita kanta wani nau'i ne na tilas, wanda dole doka ta yi masa shinge.

A shekarar 1775, lokacin da yankunan Amurka suka yi wa Ingila tawaye, majalisarsu ta zartar da dokokin yaƙi domin rundunar da George Washington yake jagoranta. A 1776 aka sake duba su, inda John Adams, wanda lauya ne, ya ba da shawarar a ɗauko dokokin sojan Ingila kusan yadda suke, aka kuwa ɗauko. Abin dariya ne a ce masu yaƙi da sarkin Ingila sun ari bulalar da yake horar da sojansa, amma haka aka yi. (Daga wannan tushe na Ingila ne dokokin sojan Nijeriya da Gana suma suka tsiro, kamar yadda na Nijar da Chadi suka samo asali daga Faransa.) A wannan tsari kwamanda shi ne wuƙa shi ne nama. Shi ke ba da umarnin bincike da tuhuma, shi ke zaɓen hafsoshin da za su zauna shari'a daga cikin waɗanda ke ƙarƙashinsa, hukunci kuma ba ya tabbata sai ya sa hannu. Hasali ma, idan kotun soja ta wanke wanda ake tuhuma, kwamanda yana da ikon mayar mata da shari'ar ya ce ta sake tunani. Mai karatu zai iya kintata irin tunanin da ƙaramin hafsa zai sake yi bayan janar ɗin da ke riƙe da ƙarin girmansa ya nuna bai ji daɗin hukunci ba.

Kundin tsarin mulkin ƙasar ma bai rufe wannan ƙofa ba. Gyaran fuska na biyar, wanda aka amince da shi a 1791, ya ce ba za a gurfanar da mutum a kan babban laifi ba sai wani rukunin farar hula ya tantance hujjojin, amma ya keɓe shari'o'in da suka taso a rundunar ƙasa da ta ruwa. Manyan masana dokar soja na ƙarni na 19, irin su Kanar William Winthrop, sun ɗauki kotun soja a matsayin kayan aikin ɓangaren zartarwa na tabbatar da ladabi, ba reshen ɓangaren shari'a ba.

Houston, 1917

A bazarar 1917, watanni kaɗan bayan Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka tura bataliya ta uku ta runduna ta 24, wadda sojojinta baƙar fata ne hafsoshinta farar fata, zuwa birnin Houston na jihar Texas domin gadin wani sansani da ake ginawa mai suna Camp Logan. Birnin yana ƙarƙashin dokokin wariyar launin fata, 'yan sandansa kuma ba su ɗauki baƙin mutum cikin kakin soja a bakin komai ba. Ranar 23 ga Agusta 'yan sanda suka lakaɗa wa wani soja duka saboda ya sa baki a kamun wata mata baƙar fata. Kofur Charles Baltimore ya je bin ba'asi, shi ma aka doke shi, aka yi harbi a bayansa, aka tsare shi. Jita-jita ta isa sansani cewa an kashe shi. Da dare sojoji fiye da ɗari suka ɗauki bindigogi suka nufi cikin gari. Kafin gari ya waye kusan mutum ashirin sun mutu, har da 'yan sanda da fararen hula da wasu daga cikin sojojin.

An yi kisa, babu mai musun haka. Abin tambaya shi ne wa ya yi, domin cikin duhu da ruwan sama aka yi abin, shaidun gari kuma ba su iya nuna fuskar kowa da tabbaci ba. Sai masu bincike suka koma kan sojojin da kansu, aka yi wa wasu alkawarin sassauci in za su ba da shaida a kan 'yan'uwansu. A kan irin wannan shaida aka gina shari'ar farko, wadda aka buɗe ranar 1 ga Nuwamba a barikin Fort Sam Houston da ke San Antonio. Mutum 63 aka gurfanar a zama ɗaya. Mai kare su duka mutum ɗaya ne, Manjo Harry Grier, wanda ya taɓa koyar da darasin doka a makarantar hafsoshi ta West Point amma ba lauya ba ne, kuma kimanin mako biyu aka ba shi ya shirya. Ko da a ce shi ne gwanin lauyoyin duniya, ta yaya mutum ɗaya zai kare mutum 63 waɗanda kuɓutar wani daga cikinsu tana iya zama halakar wani?

Kotu ta yanke wa 13 hukuncin kisa, 41 ɗaurin rai da rai, ta sallami biyar. Da yake lokacin yaƙi ne, doka ta ba kwamandan shiyya ikon zartar da hukuncin kisa ba tare da ya aika da takardun shari'a hedikwata ba. Manjo Janar John Ruckman ya sa hannu. Da asubahin 11 ga Disamba 1917 aka rataye mutum 13, har da Kofur Baltimore, a wani wuri kusa da bariki. Jama'a ba su ji labari ba sai bayan an gama. Babu wani lauya a hedikwatar soja da ya karanta ko shafi ɗaya na shari'ar kafin a kashe su.

Hayaniyar da ta biyo baya ta sa a watan Janairun 1918 aka fitar da umarni cewa ba za a ƙara zartar da hukuncin kisa a cikin ƙasar ba sai ofishin Babban Lauyan Soja ya duba shari'ar. An ƙara yin shari'a biyu a kan rikicin. Jimilla an sami mutum 110 da laifi, an rataye 19, Shugaba Woodrow Wilson kuma ya sassauta wa goma hukuncin kisa.

A cikin ofishin Babban Lauyan Soja kansa rigima ta ɓarke. Birgediya Janar Samuel Ansell, wanda yake riƙon ofishin, ya ce tsarin gaba ɗaya gadon sarakunan Turai ne da bai dace da jamhuriya ba, ya nemi a ba lauyoyi ikon soke hukuncin da ya saɓa doka. Maigidansa, Manjo Janar Enoch Crowder, ya tsaya a kan cewa shari'ar soja hakkin kwamanda ce. Ansell ya sha kaye, aka mayar da shi muƙaminsa na laftanar kanar, ya ajiye aiki a 1919. Duk da haka dokokin yaƙi na 1920 sun ɗauki wani ɓangare na abin da ya nema: a yi bincike kafin a kai soja babbar kotun soja, a naɗa masa mai kare shi, a kafa kwamitin duba hukunci, a kuma daina mayar wa kotu shari'ar wanda ta riga ta wanke. Daga cikin hafsoshin da suka yi aiki a ƙarƙashin Ansell akwai wani malamin doka mai suna Edmund Morgan. A riƙe sunansa.

Takardar da hafsa ya rubuta

A Yaƙin Duniya na Biyu Amurkawa kimanin miliyan 16 suka sa kaki, aka kuma yi shari'ar soja fiye da miliyan ɗaya da rabi. Wannan adadi shi ya sauya komai. A da, kotun soja abu ne da ya shafi ƙaramar runduna ta waɗanda suka ɗauki soja sana'a. Yanzu kuwa kusan kowane gida akwai wanda ya ga yadda ake yi, cikinsu har da lauyoyi da malamai da 'yan jarida da aka ɗiba aikin soja, waɗanda suka dawo gida suna ba da labarin yadda kwamanda ke tsawata wa kotu idan ta yi sassauci.

Shari'ar da ta fi fito da matsalar tambaya fili ita ce ta Port Chicago, wata tashar lodin albarusai a jihar Kalifoniya. Ranar 17 ga Yuli 1944 makaman da ake lodawa a jirgin ruwa suka fashe, mutum 320 suka mutu, 202 daga cikinsu baƙar fata ne 'yan sojan ruwa masu aikin dako. Ba a ba su horon kirki a kan wannan aiki ba, hafsoshi kuma suna sa rukuni-rukuni gasar saurin lodi. Bayan mako uku aka umarci waɗanda suka tsira su koma lodin bama-bamai, sai 258 suka ƙi. Aka tsare su, aka riƙa shigar da su ɗaya bayan ɗaya gaban hafsoshi, wani lokaci da mai gadi riƙe da bindiga a gefe, ana neman su faɗi su wane ne shugabannin bore. Hafsa ne ke rubuta bayanin da kalmominsa, sannan ya miƙa wa soja ya sa hannu. Wasu sun karanta suka ga ba abin da suka faɗa ba ne, suka ƙi. Wasu kuwa suka sa hannu, daga baya suka shaida wa kotu cewa sun ɗauka umarni ne. An gurfanar da 50 a kan laifin bore. Bayan kusan mako shida ana sauraron shaidu, kotu ta keɓe na minti 80 ta dawo ta same su duka da laifi, ta yanke wa kowa shekara 15. Lauyan nan Thurgood Marshall, wanda daga baya ya zama baƙar fata na farko a Kotun Ƙoli, ya halarci zaman, ya kuma yi ta fafutuka har aka saki mafi yawansu a farkon 1946.

A nan ne hankali ya kamata ya tsaya. Ba dukan kowa aka yi a ɗakin tambaya ba. Da lauyan gwamnati zai ce da yardarsu suka sa hannu, a ma'aunin kotun farar hula ta wancan zamani da wuya a ƙaryata shi. Tilas ɗin yana cikin kakin mai tambayar da anninin da ke kafaɗarsa.

Sashe na 31

Bayan yaƙi aka kafa kwamitoci, aka yi wa dokar sojan ƙasa kwaskwarima a 1948, wadda a karon farko ta wajabta a gargaɗi wanda ake tuhuma kafin a karɓi bayaninsa. Daga nan Sakataren Tsaro James Forrestal ya naɗa kwamitin da zai rubuta doka guda ga dukkan rundunoni, ya ɗora Edmund Morgan, wanda a lokacin farfesa ne a Jami'ar Harvard, a kan shugabancinsa. Ashe abin da Ansell ya shuka bai mutu ba, shekara talatin ya yi a ƙasa. Shugaba Harry Truman ya sa wa Kundin Bai-ɗaya na Shari'ar Soja hannu ranar 5 ga Mayu 1950, ya fara aiki ranar 31 ga Mayu 1951, ana tsakiyar yaƙin Koriya.

Kundin ya wajabta a ba wanda ake tuhuma a babbar kotun soja ƙwararren lauya kyauta, ko mai kuɗi ne ko talaka. Ya haramta wa kwamanda tsawata wa kotu ko matsa mata a kan hukunci. Ya kafa kotun ɗaukaka ƙara ta alƙalai uku farar hula a saman dukkan kotunan soja. Amma sashe na 31 shi ne ya taɓa jijiyar. Ya ce duk wanda ke ƙarƙashin wannan doka ba zai yi wa wanda ake tuhuma ko ake zargi tambaya ba, ba kuma zai nemi wani bayani daga gare shi ba, sai ya fara sanar da shi irin laifin da ake zarginsa da shi, ya gaya masa cewa ba dole ba ne ya ce komai, kuma duk abin da ya faɗa ana iya kafa hujja da shi a kansa a kotu. Bayanin da aka samu ba ta wannan hanya ba, ko ta hanyar tursasawa ko yaudarar alkawari, kotu ba za ta karɓa ba. A 1954, a shari'ar Gibson, sabuwar kotun ɗaukaka ƙarar ta fayyace dalili: saboda tasirin muƙami a kan wanda ke ƙarƙashin dokar soja, tambaya kawai a wasu yanayi daidai take da umarni.

A lura da shekarun. Sai a watan Yunin 1966, a shari'ar Miranda, Kotun Ƙoli ta tilasta wa 'yan sandan farar hula yin irin wannan gargaɗi, kuma Alƙalin Alƙalai Earl Warren ya kawo dokar soja a matsayin misali cewa gargaɗi ba ya hana bincike tafiya. Wato a wannan fage soja ya riga farar hula da shekara goma sha biyar. Har yau ma ta wata fuska kariyar soja ta fi faɗi, domin gargaɗin Miranda sai mutum yana tsare yake wajaba, kuma ba a tilasta wa ɗan sanda ya faɗi laifin da yake bincike a kai ba. Shi kuwa sashe na 31 yana aiki ko da a bakin hanya saje ya tare kofur, muddin yana zarginsa. Abin da sashen ya rasa shi ne ambaton lauya a lokacin tambaya, kotun ɗaukaka ƙarar soja kuma ta cike wannan giɓi a 1967 a shari'ar Tempia.

Sai dai kotuna sun yi ta rage wa sashen faɗi, wani lokaci da hujja mai ƙarfi. A shari'ar Gibson ɗin nan ma, kotu cewa ta yi ba a bukatar gargaɗi idan abokin zaman kurkuku ne ya jawo mutum da hira, ko da ɗan leƙen asirin masu bincike ne, tunda babu nauyin muƙami a tsakaninsu. A shari'ar Loukas ta 1990, wani sojan sama ya fara sambatu jirgin dakon kaya yana sararin sama, shugaban ma'aikatan jirgin ya tambaye shi ko ya sha wani abu, ya amsa cewa hodar ibilis ce. Kotu ta ce wannan tambayar tsare rayukan mutanen jirgi ce, ba ta bincike ba, don haka amsar ta zama hujja. Da wuya a ga laifin mai tambayar. Amma shi ma wanda ya amsa, me ya rage masa in ba amsawa ba?

Hukuncin da ya fi cancantar suka, a ganina, shi ne na shari'ar Davis. A watan Oktoban 1988 aka tsinci gawar wani sojan ruwa a sansanin Charleston, bayan gardama a kan cacar dala 30 a wasan sunuka. Masu binciken rundunar ruwa suka kira Robert Davis, suka karanta masa haƙƙoƙinsa, ya yarda zai yi magana. Bayan kimanin awa ɗaya da rabi sai ya ce wataƙila ya kamata ya yi magana da lauya. Suka tambaye shi ko lauya yake nema, ya ce a'a, aka ci gaba har wata awa guda, sannan ya faɗa a fili cewa yana son lauya, aka tsaya. An yanke masa ɗaurin rai da rai. A 1994 Kotun Ƙoli, ta bakin Mai Shari'a Sandra Day O'Connor, ta tabbatar da hukuncin, ta ƙara da cewa idan neman lauya bai fito ƙarara ba, mai bincike ba dole ne ya tsaya ba, ba kuma dole ne ya nemi ƙarin bayani ba. Alƙalai huɗu, bisa jagorancin David Souter, sun yarda a tabbatar da hukuncin amma sun ƙi wannan ƙa'ida, suna cewa za ta fi cutar da masu tsoro da marasa ƙwarewar harshe. Gaskiya tana wajensu. Duk wanda ya tashi a inda ake cewa bin na gaba bin Allah ya san cewa ƙarami ba ya neman abu wurin babba kai tsaye. Da wataƙila yake farawa, da ko zai yiwu, da in ba damuwa. Soja da aka shekara ana koya masa ladabin magana da na gaba, shi ne kuma aka ce in bai yi magana gatsal ba haƙƙinsa ya faɗi. Ga shi ƙa'idar da aka kafa a kan sojan ruwa ɗaya ta zama doka a kan kowane ɗan ƙasa da ya shiga hannun 'yan sanda.

Sauran gyare-gyaren a hankali suka zo. A 1968 aka kafa muƙamin alƙalin soja mai cin gashin kansa. Sojan sama a 1974, sojan ƙasa kuma a 1980, suka fitar da lauyoyi masu kare waɗanda ake tuhuma daga ƙarƙashin kwamandan bariki, domin kafin nan wanda ya kai ka ƙara yana da hannu a rahoton ƙarin girman lauyanka. A 1983 aka buɗe hanyar kai wasu shari'o'in soja Kotun Ƙoli kai tsaye. A ƙarshen Disamban 2023 aka karɓe ikon yanke shawarar gurfanarwa a kan manyan laifuka, kamar kisa da fyaɗe, daga hannun kwamandoji aka miƙa wa lauyoyin soja na musamman, bayan shekaru ana koken cewa kwamandoji na danne ƙarar mata sojoji. Wannan karon daga ɓangaren waɗanda aka zalunta matsin ya fito, amma inda ya kai shi ne inda Ansell ya nufa tun 1919.

Akwai abubuwan da ba su sauya ba. Babu beli a shari'ar soja. Soja na iya ƙin karɓar horon ladabtarwa na kwamanda ya ce a kai shi kotu, amma wanda ke aiki a jirgin ruwa ba shi da wannan zaɓi. Kuma ko da yake Kotun Ƙoli ta yanke a 2020 cewa ba za a sami farar hula da babban laifi ba sai bakin dukkan masu taya alƙali hukunci ya zo ɗaya, a kotun soja kashi uku cikin huɗu ya isa, in dai ba hukuncin kisa ba ne, kotun ɗaukaka ƙarar soja kuma ta amince da hakan a 2023.

A watan Nuwamban 2023 rundunar sojan ƙasa ta soke hukuncin dukkan mutum 110 na Houston, ta amsa cewa ba a yi musu shari'ar adalci ba, ta mayar da takardun sallamarsu na girmamawa. Ranar 17 ga Yuli 2024, shekara 80 cif bayan fashewar, Sakataren Sojan Ruwa Carlos Del Toro ya wanke mutanen Port Chicago. Ɗaya daga cikin hamsin ɗin, Freddie Meeks, ya riga ya sami afuwar Shugaba Bill Clinton a 1999, ya rasu a 2003. Wasu daga cikin abokansa sun ƙi neman afuwar tun a wancan lokaci, suna cewa wanda ya yi laifi ake yafe wa.